Yaɓen Soro a Shekarar Tsuke Bakin Aljihu

A duk shekarun da na yi ina jami'in al'adu a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin ƙasar Daura, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da kwamitin kuɗi ya tuɓe takalma ya zauna a kan tabarma a cikin soronmu. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kun tarar da soron a tsaye, kuna shiga ku miƙe ƙafa ku danna waya, ba ku san saura ƙiris ya zama tudun ƙasa da awaki za su riƙa hawa ba. Tunda yau kun ce in ba ku labari, ga shi tun daga tushe.

A lokacin ina mataki na tara a aikin gwamnati. Ɓangaren al'adu ɗan ƙaramin reshe ne a ƙarƙashin sashen ilimi da walwalar jama'a. A samana akwai shugaban sashe, sai Ma'aji mai riƙe da kuɗi, sai Ciyaman a can ƙoli. Dukiyarmu ɗaya ce, wato soron nan na bayan sakatariya. Ginin ƙasa ne tun zamanin En'e, rufinsa na azara, fuskarsa ta yamma cike da zane irin na maginan da. A ciki muke ajiye gangunan noma da kalangai da kayan saƙa da ƙoren da aka sassaƙa, a ciki kuma makaɗanmu da 'yan wasanmu suke gwaji.

Ginin ƙasa yana da ciyarwa kamar doki. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an yi masa yaɓe: a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsima, a haɗa da ruwan makuba, a shafe rufi da bango. Makuba, ga wanda bai sani ba, ɓawon ɗorawa ce da ake dakawa a jiƙa, ita ke hana ruwan sama cin bango. Kuɗin wannan aiki ɗan layi ɗaya ne a kasafin shekara, bai kai abin da ake kashewa a tayoyin motar ofis ba.

Sai aka shiga shekarar da kuɗin da ake turowa daga sama ya ragu, kaya suka yi tsada, aka aiko da umarni cewa kowane sashe ya tsuke bakin aljihu. Na je ofishin Ma'aji in ji matsayin kuɗin yaɓe. Ma'ajin, Alhaji Mamman, taubashina ne, ɗan kawuna, don haka tsakaninmu babu ɓoye-ɓoye, babu kuma ragayya.

Yana ganina ya ce, "Ga sarkin laka nan ya iso. Iro, kada ma ka zauna. Ba a soke kuɗinka ba, an ɗaga shi zuwa kwata ta huɗu."

Ofis yana raba shekara gida huɗu ne, kuma kwata ta huɗu tana kamawa ne bayan an yi girbi an gama. Na ce, "To madalla. Sai ka rubuta wa hadari takarda shi ma ya jira kwata ta huɗu."

Ya ce, "Kai dai ba ka da aiki. Asibitocinmu na karkara ko maganin zazzaɓi babu. Rijiyoyin burtsatse sun lalace, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa. Kai kuma ka zo mini da kukan bango."

Na fito raina a ɓace, na wuce gidan Baba Tanko, dattijon maginan garin, wanda shi ke yi mana yaɓe tun kafin a ɗauke ni aiki. Ya biyo ni ya zagaya soron, ya hau rufi da tsani duk da tsufansa, ya sauko yana karkaɗe hannu. Dama bara an saki kuɗin a makare, damina ta riga ta sauka, ba a yi yaɓen ba.

Ya ce, "Malam Iro, bara an tsallake, soron ya yi haƙuri. Bana ba zai yi ba. Rufin ya tsage ta gabas, indararo ya saki. Ruwa mai ƙarfi in ya samu hanya ya shiga cikin azara, shi ke nan, sai ku nemi wurin ajiye gangunanku."

Na rubuta takarda, fayil ya hau ya sauko, ya hau ya kwanta. Da na gaji sai na tare Ciyaman a bakin motarsa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin ya tsaya ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malam Iro, ni ba maƙiyin al'ada ba ne, a ɗakin ƙasa aka haife ni. Amma in na ba bango kuɗi na hana magani, wace amsa zan ba matar da ɗanta ke kwance?" Gaskiya kuwa ya faɗa. Ranar na koma gida ko tuwo ban iya ci ba.

Ana cikin haka bazara ta kankama. Tsuke bakin aljihun nan bai bar kowa ba, har kuɗin man janareta ya shafa, wutar lantarki kuwa sai a wuni ba a gan ta ba. Ɗakin taron kwamitin kuɗi yana saman bene, rufin kwano, tagogin gilashi. Wannan kwamiti shi ne mai yanke hukunci a kan duk abin da za a kashe: Ciyaman, mataimakinsa, kansiloli masu kula da sassa, da Ma'aji. Sun zauna sau ɗaya a cikin zafin nan, kafin azahar wani dattijon kansila ya fara ganin jiri, aka tashi ba a gama ba. Na ji magatakardan majalisa yana ta neman mafita. Hayar ɗakin taro a cikin Daura kuɗi ne, ƙarƙashin bishiya kuwa kowane mai wucewa zai ji sirrin hukuma.

Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama. Na same shi na ce, "Ga soro can, kyauta. Ba ya buƙatar fanka."

Ya dube ni kamar na ce a yi taron a kasuwa. Amma da ya shiga ya tsaya, ya ji sanyin ya ratsa shi, sai ya ce zai gaya wa Ciyaman. Kashegari aka ce an yarda.

Muka share soron, muka yayyafa ruwa, muka shimfiɗa tabarmi, muka ajiye randa a lungu. Shugaban sashenmu ya zo dubawa, ya ɗaga kai ya ga tsagar rufin, ya ce a samo ƙyalle a rufe, kada manya su gani mu ji kunya. Na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, kunyar ba tamu ba ce. In an rufe, ni ba zan buɗe ƙofa ba." Ya san halina, ya yi tsaki ya tafi. Ni kuwa da kaina na shimfiɗa dardumar Ciyaman, kuma na san inda rana take faɗowa ta tsagar nan in ta take tsaka. Ban yi ƙarya ba, ban kuma ɓoye komai ba. Na roƙi Baba Tanko ya zo ya zauna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar soro, ko Allah zai sa a neme shi.

Da hantsi suka iso, kowa rigarsa ta manne da baya. Suka tuɓe takalma suka shigo. Sai wurin ya yi tsit, babu abin da kake ji sai ajiyar zuciya da "Alhamdu lillahi." Kansilan nan da ya ga jiri, Alhaji Buba, mutumin rugage ne mai fataucin shanu, ya waiwayo gare ni ina tsaye a bakin ƙofa, domin matsayina bai kai in zauna a taron ba.

Ya ce, "Kai Malam, wace irin na'ura kuka sa a nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta kakanni ce. Ba ta shan mai."

Aka yi dariya, aka buɗe taro da addu'a. Suka yi ta muhawara a kan magani da rijiyoyi, babu wanda ya nemi a tashi. Ni idona yana kan ɗigon ranar da ke tafiya a hankali a kan tabarma. Can sai ya hau kan takardar da ke hannun Ciyaman. Ya matsar da takardar, hasken ya sauka a gwiwarsa. Ya ɗaga kai.

Ya ce, "Malam Iro, wancan fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau rana ce ke shigowa. Nan gaba kaɗan ruwa ne."

Ya daɗe yana kallon rufin, sauran ma duk suka ɗaga kai. Gani ya kori ji. Ya tambaya ko akwai magini a kusa, na leƙa na kira Baba Tanko. Tsohon ya shigo ya durƙusa ya yi gaisuwa, Ciyaman ya ce, "Baba, tashi ka zauna. Wannan zai kai kaka?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, rai na Allah ne, amma ni ba zan bar jikana ya kwana a ƙarƙashinsa ba in ruwa ya sauka. Kuma aikin ba na gobe ba ne, na yau ne. Ƙasa sai ta tsima kafin ta kama. Ɗorawa yanzu ake sauke ta, makuba tana hannun mata, in an yi sake ta tafi kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ciyaman ya ce shi fa ba zai taɓa kuɗin magani ba ko sisi. Sai Alhaji Buba ya gyara zama ya ce, "To wa ya ce a taɓa? Ai akwai ragowar kuɗin da aka ware wa zaman kwamitin nan, na mai da na hayar ɗaki. In a nan za mu riƙa zama har zafi ya wuce, me za mu yi da shi? Wanda ya ba ka inuwa ai ka gyara masa rumfa."

Kowa ya dubi Ma'aji. Na san taubashina, in abu ba zai yiwu ba tun kafin ka rufe baki yake girgiza kai. Wannan karon sai ya taɓa gemu. Ya ce, "Wannan layin yana da ɗan rai, zai ɗauki aikin. Amma ku ji inda gizo ke saƙar. Ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani sai an rubuta bayanin zaman nan, an sa hannu, an kai Katsina an amince, sannan a yi bauca, wato takardar biya, odita ya duba, sannan a biya. Ko da gudu aka yi, hadari zai riga mu."

Kwamiti ya amince, magatakarda ya rubuta, amma ni murnata ta koma ciki. Me amfanin amincewar da za ta iso bayan rufi ya faɗo?

Ciyaman ya ajiye takardarsa. Can ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da goro biyu farare. Ya tashi daga dardumarsa, ya taka har gaban Baba Tanko, ya miƙa masa ɗaya da hannu biyu. Ya ce, "Baba, ga goron aiki. Jama'a ku shaida."

Ku yaran yanzu kun saba da kwangila da hatimi, bari in fassara muku. A wurin maginanmu, in mai gida ya ba da goron aiki a gaban shaidu, magini ya karɓa ya ci, magana ta ƙare. Magini ba shi da ikon fasawa, mai gida ba shi da ikon gudu. Wanda ya ba da goro ya saɓa, ba zai ƙara samun mai ɗora masa tubali a ƙasar nan ba, kuma abin ba a kansa kaɗai zai tsaya ba, har gidan ubansa za a riƙa nunawa. Ciyaman ɗan gari ne, ya san abin da ya ɗora wa kansa.

Ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe, goro fa ba ya shiga fayil."

Ciyaman ya ce, "Na sani. Kai ka bi mu da takarda."

Baba Tanko ya juya goron a hannunsa, ya yi bisimilla, ya ɓare, ya ciza. Ya ce, "Gobe jakuna za su fara kawo ƙasa." Ina tsaye a bakin ƙofar nan na yi wa Allah godiya saboda farin ciki.

Goro na biyu ni aka ba, na hau babur na kai wa Gwaggo Delu, uwar masu daddawa, wadda duk makubar yankin ta hannunta take bi. Na same ta tana tsakar gida ana sussukar kalwa. Na yi mata bayani, ta saurara tana ƙare mini kallo.

Ta ce, "Gwamnatin da aka ce ba ta da kuɗi ce za ta sayi makuba?"

Na ce, "Gwaggo, goro ne na kawo, daga hannun Ciyaman."

Ta ce, "Nasa, ko na ofis?"

Na ce, "Nasa, daga aljihunsa, a gaban mutane."

Ta ce, "To kawo. Da na ofis ne da ka koma da abinka."

Kafin mako ya zagayo buhunan makuba suka fara sauka a kan babura, daga ƙauyukan wajen Sandamu, da na Dutsi, har da na Zango. Aka kwaɓa ƙasa aka tara ta tana tsima. Wannan jiran shi ya fi komai ci mini rai. Kullum da yamma gabas sai ta yi duhu, iska ta kaɗa, in ruga wurin Baba in ce a fara mana. Shi kuwa sai ya cusa hannu a ƙasar, ya shinshina, ya ce, "Da saura."

Da ta yi, muka sake samun saɓani. Ni so nake a fara da fuskar yamma, inda zanen yake, don shi ne abin da baƙi ke zuwa gani. Baba ya ce, "Malam Iro, ado ba ya tare ruwa. Ruwanmu daga gabas yake dukan gini. Rufi da gabas tukuna." Na yi gunaguni na bar shi, tunda aikinsa ne. Makaɗanmu da kansu suka fito da gangunan suka zauna a inuwa suna yi wa magina kiɗa, masu miƙa ƙasa suna jefawa sama, na kan rufi suna cafewa. Mutanen gari suka riƙa tsayawa kallo, har 'yan sakatariya suna leƙowa ta taga.

Taubashina kuwa, wanda ya ce mini sarkin laka, shi ya ɗauki fayil ɗin da hannunsa. Motar ofis babu mai, ya shiga ta haya zuwa Katsina, ya zauna a bakin ofis har aka sa hannu. Da ya dawo na je yi masa godiya, ya ce, "Kada ka ɗauka don kai na yi. Ba zan bari a nuna gidan uban Ciyaman da yatsa ina riƙe da mabuɗi ba." An biya magina da mata haƙƙinsu cif, ba a rage ba.

Ruwan ya zo ne wata rana bayan la'asar. An gama rufi, an gama gabas da kudu da arewa, saura fuskar yamma da aka fara rabi. Iska ta taso da ƙarfi, gari ya rufe, duk muka ruga cikin soron: magina, makaɗa, ni, da Ma'aji da ruwan ya tare a hanyar masallaci. Aka sako shi kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ɗaga kai yana kallon inda tsagar nan take a da. Muna jin indararo yana zubarwa a waje da ƙarfi. Muka jira, muka jira. Ko ɗigo bai sauko ba. Wani makaɗi ya kasa daurewa ya ɗauki ganga ya buga, sai wurin ya kaure da kabbara da shewa. Ni da na saba da faɗa, ranar kuka na yi, ban kuma ji kunya ba.

Ba mu fita ba asara. Da ruwan ya ɗauke muka zagaya yamma, muka tarar zanko ɗaya, irin ƙahon adon nan na saman bango, ya faɗo, ya tafi da wani yanki na tsohon zanen. Baba ya sake yin sa daga baya, ya yi kyau, amma ba hannun mai shi na farko ba ne, kuma ni na san bambancin. Wannan shi ne kuɗin da muka biya na tsallaken bara. A zaman da ya biyo baya kwamiti ya mayar da layin yaɓe kwata ta farko, a nan yake har yau.

Abin da na koya, ku riƙe shi. In kuɗi ya yi ƙaranci, kada ka tsaya gardama da mai neman maganin ɗansa, ba za ka ci ba, bai ma kamata ka ci ba. Kada kuma ka rufe tsagar rufinka da ƙyalle don kunyar manya. Masu riƙe da kuɗi ba duka ne marasa zuciya ba, yawancinsu ba su taɓa zama a cikin abin da suke yankewa ba ne. Masu sana'ar nan kuwa, magina da makaɗa da mata masu makuba, ba mabarata ba ne. Suna da dokarsu, ta girmi tamu, kuma ta fi tamu sauri.

Ranar da aka kammala aikin, na tsaya ina kallon bangon gabas. Yaɓe da hannu ake shafa shi, don haka sawun yatsun Baba Tanko duk ya fito a jiki, layi bayan layi. Na ce masa zan hana a taɓa wani yanki, a bar shi don tarihi. Tsohon ya ɓata rai sosai.

Ya ce, "Kul, Malam Iro. In aka shekara biyu ana ganin hannuna a bangon nan, to kun ci amanar soron. Hannun magini ba don a gani ba ne, don a rufe shi da na wani ne."

Baba ya rasu bayan na yi ritaya. Da na dawo daga ta'aziyya na biyo ta bayan sakatariya, na tsaya a gabas, na bi bangon da ido tun daga ƙasa har sama ina neman sawunsa. Babu ko ɗaya. Hannun yaransa ne a ko'ina, sabo, yana ƙamshin makuba. Na yi masa addu'a a wurin, na tafi gida raina fari.